Zaɓen Sifirin Fistol Don Harsashin Dalma Mai Nauyi

Wanda yake narka dalma ya haɗa harsashinsa da kansa, idan ya ƙara nauyin kan harsashi, wajibi ne ya sake duba sifirin da ke mayar da silaid gaba (silaid shi ne ɓangaren saman fistol da ke zamewa baya idan an harba), domin ƙarfin da ke tura silaid baya ya danganta ne da nauyi da gudu a haɗe. Fistol ƙirar 1911 mai cikakken tsawo, mai cin harsashi samfurin .45 ACP, tana zuwa da sifirin mai taurin laba 16, wanda aka daidaita da harsashi mai nauyin giren 230 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Fara gwaji da shi.

Sai ka lura da kwanso, wato ɓawon harsashin da bindiga ke cillowa waje bayan harbi. Idan yana faɗawa nesa sosai, silaid kuma yana bugun firam, wato gangar jikin bindigar, har kana jin dukan a tafin hannunka, ka hau zuwa laba 18 da rabi. Idan kwanso yana zubewa a gindin ƙafarka, ko silaid ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, sifirin ya yi tauri, ka sauka mataki ɗaya.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne, sifiri ba ya rage matsin da ke cikin bututu ko kaɗan. Dalma mai nauyi tana cinye wurin albarushi a kwanso, saboda haka kada ka wuce awon da littafin ɗurin harsashi ya ƙayyade.