Yadda Za Ka Hana Edita Sauya Maka Tsarin Kod Ba Da Izininka Ba

Ka gyara layi ɗaya a fayil, ka adana, sai Git, manhajar da ke bin sawun sauye-sauyen kod, ya nuna maka an taɓa layuka ɗari biyu. Alamomin zance sun sauya, tazarar farkon layi ta ragu, dogayen layuka sun karye. Da yawa sukan yi fushi su kashe duk wani saiti na tsara rubutu, alhali abu ɗaya ne ke yin ɓarnar. Zan yi bayanin da VS Code, amma dabarar tana aiki a sauran editoci.

Mataki na farko, lura da lokacin da abin ke faruwa, domin kowane lokaci da saitinsa. In a lokacin adanawa ne, duba editor.formatOnSave. In sai ka kwafo kod ka manna ne, editor.formatOnPaste. In kuwa kana cikin rubutu layin ke gyara kansa, editor.formatOnType. Ga gwaji mai sauƙi: danna Ctrl+Shift+P, ka zaɓi Save without Formatting. Muddin fayil ɗin ya tsaya yadda ka bar shi, matsalar tana wajen adanawa.

Na biyu, nemo inda aka kunna saitin, kuma nan ne aka fi ɓata lokaci. Saitin VS Code hawa-hawa ne. Akwai naka na kanka, akwai kuma na aikin, wanda ke cikin settings.json a foldar .vscode, kuma na aikin shi ke rinjaye. Shi ya sa za ka kashe abu a naka, ka dawo ka tarar kamar ba ka yi komai ba, ashe wani abokin aiki ya kunna shi a foldar. Sannan akwai sashen da ake ware wa yare guda, kamar Python ko JavaScript, wanda shi ma yana danne saitin gama-gari. Buɗe saiti da Ctrl da waƙafi, ka rubuta @modified a akwatin bincike, zai jero maka duk abin da aka sauya daga asali.

In ka kashe formatOnSave amma sauyin bai tsaya ba, duba editor.codeActionsOnSave. Ta nan ne ake sake jera layukan import, ta nan kuma ESLint, mai duba kurakuran JavaScript, ke yin nasa gyaran. Share tazarar ƙarshen layi kuma aikin files.trimTrailingWhitespace ne.

Na uku, gano wace manhaja ce ke yin aikin. Danna Ctrl+Shift+P ka zaɓi Format Document With, za ka ga jerin masu tsara rubutun da ke kwamfutarka da wanda aka ba ragama. Halinsu ma yana tona su: Prettier yana karya layi in ya wuce haruffa 80 kuma ya fi son alamar zance mai biyu (") a kan mai ɗaya ('), Black na Python kuwa 88 ne iyakarsa. Mafi ban haushi shi ne a samu biyu suna jayayya, wannan ya sa waƙafi mai ruwa, wancan ya cire. Maganinsa ka tsayar da guda ɗaya a editor.defaultFormatter. In har yanzu ba ka kama shi ba, buɗe editan daga terminal da code --disable-extensions, wanda ke kashe duk ƙarin manhajojin da ka saka masa. Matsalar ta ɓace? To, ɗaya daga cikin ƙarin manhajojin ne, kuma Start Extension Bisect zai riƙa kashe rabinsu yana tambayarka har ya ware mai laifin.

Rikicin tab da tazara daban yake. Editan yana hasashen tsari daga abin da ya gani a fayil, ta hanyar editor.detectIndentation, sai ya yi watsi da tabSize ɗinka. Kashe detectIndentation, sannan ka duba ko akwai .editorconfig, fayil ɗin da ke tsara irin tazarar da za a bi, a tushen aikin. In kuma Git ya ce duk fayil ɗin ya sauya alhali idonka bai ga bambanci ba, dubi ƙasan allo ta dama, mai yiwuwa alamar ƙarshen layi ce ta sauya, CRLF ya koma LF.

A ganina, in kuna aiki ne a tare, kada ka kashe tsarin da kowa ya amince da shi, ka dai taƙaita shi. Sa editor.formatOnSaveMode a kan modifications, zai taɓa layukan da ka sauya kaɗai, matuƙar aikin yana ƙarƙashin Git kuma mai tsarawar ya iya gyara yanki guda. Wurin da ka jera da hannu, kamar teburin lambobi, sa // prettier-ignore a samansa, ko # fmt: off da # fmt: on in Black ne. Fayilolin da ba ka so Prettier ya taɓa kwata-kwata, rubuta sunayensu a .prettierignore.