Dabarar lissafin saurin elektiron cikin wayar jan ƙarfe

'Yan uwa masu karatun fiziks, ku haddace lamba ɗaya kawai: 13.6.

In an ba ku wayar jan ƙarfe, ku raba amp ɗin (wato yawan wutar da ke bi ta cikinta) da faɗin bakin wayar a mm², abin da ya fito ku sake raba shi da 13.6. Shi ke nan, kun samu saurin a milimita duk daƙiƙa.

Misali amp 5 a waya mai 2.5 mm², 2 ke nan, raba da 13.6, kusan 0.15. Tafiyar hawainiya ma ta fi wannan, wallahi.

Dalili kuwa, v = I/nAq ne (v saurin elektiron, I amp, A faɗin bakin waya, n yawan elektiron masu ɗaukar wuta, q cajin elektiron ɗaya), n ɗin jan ƙarfe kusan 8.5×10^28 ne a kowace m³, q kuma 1.6×10^-19, in ka ninka su 1.36×10^10 ke fitowa. To me zai sa ka yi ta danna kalkuleta kullum? Ni da wannan dabarar nake gane na manta maida mm² zuwa m², don sai amsata ta kauce da ninki miliyan.

Amma fa kada ku ɗora ta kan alminiyam, n ɗinsa ya ninka na jan ƙarfe. Silikon kuwa ba a ma magana. Haka wutar AC (mai sauya alkibla), elektiron gaba da baya kawai suke yi.