Kurakuran da ake yi idan aka haɗa gasar tirayatlon da shirin gudun yada-ƙanin-wani

A Kano, idan ka ce wa mutum za ka shiga tirayatlon, sai ka zauna ka yi masa bayani. Wasa uku ne a jere babu hutu: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu. A San Diyego ta Amurka aka fara shi da siffarsa ta yanzu a 1974, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Gajeren zangonsa mita 750 ne a ruwa, kilomita 20 a keke, kilomita 5 a ƙafa. Zangon Olamfik ninkin wannan ne: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Can sama kuma akwai Ironman, wanda kekensa kaɗai kilomita 180 ne, ya fi daga nan zuwa Zariya.

Mu da muke haɗuwa bayan sallar asuba muna zagaya Filin Sukuwa, yawancinmu idonmu na kan gudun yada-ƙanin-wani na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu. Kilomita 42.195 ne, kusan a ce daga Kano zuwa Wudil. A cikin watannin shiri sai sha'awar tirayatlon ta shigo, ko wanda abokai suka haɗa a tsakaninsu da wurin ninƙayar wani otal, ko wanda ake yi wa tafiya. Ni ina goyon bayan haka ƙwarai, domin keke da ruwa suna ƙara wa zuciya da huhu ƙarfi ba tare da gwiwa ta sha dukan kwalta ba. Amma na ga mutanen da wannan ƙaramar gasa ta cinye musu babbar, ni ma ta taɓa cinye mini tawa, kuma abin yana da ciwo: wata huɗu kana tashi cikin sanyi, ranar da ka yi wa tanadi ta zo ta same ka da ƙafa a ɗaure.

Tushen yawancin matsalolin shi ne mutum ya manta wacce ce uwa, wacce ce 'ya. Ya ce gwaji kawai zai yi, amma da an busa usur, ya ga wani yaro ya wuce shi a keke, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ƙure kansa har ƙarshe, ya yi kwana goma cinya tana tsami, dogon gudun mako biyu ya salwanta. Dogon gudun nan kuwa shi ne ƙashin bayan shirin yada-ƙanin-wani, babu abin da ke maye gurbinsa. Taura biyu ba ta taunuwa. Tun kafin ka biya kuɗin rajista ka ɗauko kalanda ka ƙirga: a ganina tirayatlon ya faɗo mako shida zuwa takwas kafin babbar gasa, kada ya gaza huɗu, domin makonni biyu zuwa uku na ƙarshe na rage atisaye ne da tara ƙarfi. A ranar kuma ka yi wa kanka iyaka. Ninƙaya a natse, keke da ƙarfin da za ka iya faɗar gajeriyar magana a kansa, gudun kuma ka fara shi da saurin da kake niyyar yi a Legas. Idan ya rage kilomita biyu kuma jiki yana ba ka, to saki ƙafa.

Kuskure na kusa da shi shi ne jibga sabon aiki a kan tsoho. Mutum yana gudu kwana biyar a mako, sai ya ƙara keke biyu da ninƙaya biyu, bai cire komai ba, ga kasuwa ko ofis, ga iyali. Ba a lokacin atisaye jiki yake ginuwa ba, a lokacin barci da hutu ne. Cire gajeren gudu guda ka sa keke a wurinsa, ninƙaya kuma ta zama ta ranar sassauci. Kwana ɗaya a mako kada ka yi komai. Sannan kashi huɗu cikin biyar na atisayenka ya zama mai sauƙin da kai da abokinka za ku iya hira kuna tafiya. Mu nan kowace safiya mukan mai da ita gasa saboda kada a ce wane ya gaza, shi ya sa kullum muke a gajiye amma saurin ba ya ƙaruwa. Idan ka ga barci ya ƙi, abinci ya fita a ranka, bugun zuciyarka da safe ya ɗara yadda ka saba kwana biyu uku a jere, ja da baya.

Ruwa ne wurin da nake jin tsoro ga 'yan gudu. Wanda yake cinye kilomita 25 a ƙafa yakan ɗauka mita 750 ba komai ba ne, sai ya shiga ya ga numfashi ya ƙare masa tun bai yi mita 100 ba. Ƙarfi ba ya aiki a nan, iyawa ce. Kurakuran kusan iri ɗaya ne ga kowa: riƙe numfashi a ƙirji maimakon fitar da shi a hankali cikin ruwa, ɗaga kai sama wanda ke sa ƙafafu su nutse, da dukan ruwa da ƙafa kamar ana faɗa. Nemi wanda ya iya ya tsaya a bakin ruwa ya dube ka, ko sau huɗu ne. Ka yi mita 50 ka huta, ka sake, har ka iya haɗa tsawon gasar gaba ɗaya ba tsayawa, mako biyu aƙalla kafin ranar. In ba ka kai haka ba, haƙura da wannan karon.

Kada kuma tsadar wurin ninƙaya ta tura ka kududdufi ko dam. Na san Tiga da Bagauda suna da ban sha'awa, amma ruwan da ke kwance a ƙasarmu yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata, ba sai ka sha ba. Ga zurfin da ba ka sani ba, ga laka da ciyawa a ƙasa. Kowace shekara muna jin labarin matasan da ruwa ya ci a jihar nan. Wanda ya riga ya shiga irin wannan ruwa, musamman idan ya ga jini a fitsari, ya je asibiti a gwada shi. Maganinta sananne ne. Ko a ina ne, kada ka yi ninƙaya kai kaɗai.

A keke, sirdi ne farkon abin dubawa. Yawancinmu mun taso da keken da ƙafa ke taɓa ƙasa kana zaune, to wannan tsayin yana kashe gwiwa a doguwar tafiya. Ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak. Idan ka dawo da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, nan ne daidai. Sai giyar keke mai nauyi, wadda matasa ke so don a ga ƙarfi. Tana ƙone cinya tun ba a zo gudu ba. Sassauta ta, ƙafa ta riƙa juyawa kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Koyi canza tif da kanka, domin ranar gasa mai faci ba ya biyo ka, kuma ka duba birki da kaca kwana uku kafin lokaci, ba daren ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hular kwano dole ce: a ƙa'idar wasan sai ka ɗaure ta kafin ka ɗauki keken, ba ka kwance ta sai ka ajiye shi. A titunanmu ma, tsakanin Adaidaita Sahu da manyan motoci, ita ce tsakaninka da abin da ba a fata. Fita da sassafe bayan gari ya waye, ku biyu ko uku, da riga mai haske.

Akwai wani abu da ba a gane shi sai an ɗanɗana. Idan ka sauka daga keke ka fara gudu, ƙafafunka za su zama kamar na aro, kuma abin mamaki a lokacin ne mutum yake yin sauri fiye da kima bai sani ba. Maganinsa saba wa jiki: sau ɗaya a mako, da ka sauka ka canza takalmi ka yi gudun minti 10 zuwa 15. Ka gwada har da yadda za ka jera kayanka, da tufafin da za ka iya ruwa da keke da gudu a cikinsu ba tare da tuɓewa ba. Ga 'yan'uwa mata masu sa dogon wando da rufin kai, a gwada yadin a jiƙe tun a atisaye, domin wani yana shan ruwa ya yi nauyi, ya goge fata.

Sai ci da sha, inda tirayatlon yake da babban amfani ga mai shirin dogon gudu, kuma inda aka fi asarar amfanin. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yana kai mutum kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana aiki tuƙuru. Bayan nan sai jiri da mutuwar jiki, abin da ke kama mutane a wajen kilomita 30 na yada-ƙanin-wani. Idan aiki ya wuce awa ɗaya, ana so ka riƙa samun giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci kowace awa. Ba sai ka sayi kayan waje ba. Dabino biyar ko shida sun kai wajen giram 30, ayaba matsakaiciya ta kusa haka, mazarƙwaila ma tana yi. A kan keke ya fi sauƙin ci, don haka a nan za ka koya wa cikinka. Karin kumallo kuwa awa biyu zuwa uku kafin farawa, abin da ka saba kuma mara maiƙo: koko da burodi sun fi ƙosai ko wake a wannan safiyar. Duk abin da cikinka ya karɓa a tirayatlon, rubuta shi, shi za ka maimaita a babbar rana.

Ruwa kuma gefe biyu ne. Wasu ba sa sha sai maƙogwaro ya bushe ƙamas, wasu kuma suna ɗura fiya wata leda bayan leda har gishirin jininsu ya ragu, wanda shi ma yana iya kai mutum asibiti. Hau sikeli kafin atisayen awa ɗaya da bayansa: kowane kilo da ya ragu kamar lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Daga nan za ka san kanka. A dogon aiki sa ɗan gishiri, ko ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda aka sani: ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya.

Ina roƙonka da girman Allah, kada ka sha maganin kashe ciwo don ka yi gasa. Ibufurofen da dikulofenak idan suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa suna iya taɓa ƙoda. Taramol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasan unguwanninmu, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024. Tsamin jiki daban, ciwon da ya tsaya wuri guda a ƙwauri ko agara ko gwiwa daban. Wanda ke sa ka ɗingishi, a kai shi wurin likita.

Na ƙarshe ya shafe mu 'yan Kano musamman. Mai shirin Fabrairu a tsakiyar hunturu yake atisayensa, cikin sanyin asuba da busasshiyar iska, gumi na bushewa tun bai sauko ba. Sai ya yi tirayatlon a Disamba, ya ga lokaci mai kyau, ya ɗauka haka zai yi a Legas. Can kuwa iska a jiƙe take, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, zuciya sai ta ƙara aiki a kan saurin da ka saba. Jiki yana buƙatar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Saboda haka a makonni biyun ƙarshe ka mayar da wasu gajerun gudunka masu sauƙi zuwa hantsi, ko ka ƙara riga a kai, da ruwa a hannu. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango Dala da kyau, bar titi, musamman idan kana da asma. In kuma shirin ya ratsa cikin azumi, rage nauyi, mayar da atisaye bayan shan ruwa ko bayan tarawihi, kada ka sa gasa a watan. Ranar Legas ɗin, lokacin da ka samu a sanyin Kano ka ƙara masa daƙiƙa 10 zuwa 20 a kowace kilomita tun daga tashi, ka riƙe hakan har ka wuce rabin hanya.