Kada son naka ya rufe maka ido

Idan saƙon murya ya shigo WhatsApp ɗin fadarku ta hira da abokai a Tawa cewa makiyaya sun cinye gonar ɗan garinku, kada ka tura shi. Yi tambaya uku: wace gona, yaushe, wa ya gani da idonsa? Sannan ka tambayi kanka: da ƙanenka ne ya saki shanun, hukuncin nan za ka yanke?

Kula da bakinka. Da zarar "wane ya yi" ta koma "su haka suke", laifin mutum ɗaya ya hau kan ƙabila guda, daga nan ake kai wa ga ƙona rugage, kamar yadda ta faru a ƙauyen Toda na jihar Maraɗi a 1991.

A kai ƙara wurin mai gari, a kimanta ɓarna, a biya. Mai zuga jama'a kuwa, ja shi gefe. A bainar mutane girman kai ba zai bar shi ya janye ba.