Kurakuran da ake yi wajen cin kaktus mai kama da ganga

Wannan tsiron dai a hamadar Sonora yake fitowa, tsakanin Arizona ta Amurka da arewacin Meziko, dunƙulalle ne kamar ganga, ƙayarsa a lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. Mutanen Tohono O'odham da Seri, ƙabilun asali na yankin, sun daɗe suna cin 'ya'yansa. Amma abin da ake yaɗawa a kansa akwai gyara sosai.

Babban kuskuren, wanda ya fi damuna wallahi, shi ne wai in ƙishirwa ta kama ka a daji ka sare kansa ka sha ruwa. Babu wani ruwa kwance a ciki, tsoka ce fara mai yauƙi, in ka matse ta ka sha da cikin da ba komai zai iya sa ka amai da gudawa, ka ga ɗan ruwan da ya rage maka a jiki shi ma ya tafi kenan, ga shi ka kashe tsiron da ya shekara da shekaru kafin ya kai girman nan. Ka riƙe gorar ruwanka kawai.

'Ya'yan ake ci, suna can saman kansa a zagaye kamar ƙananan abarba. Wasu na tsinka suna kore shar, a'a, ka bari su zama ruwan ɗorawa, ka murɗa a hankali za su fita. Su ba su da ƙaya, amma ka kula da hannunka saboda ƙayar tsiron. Tsami gare su kamar lemun tsami, shi ya sa ake dafa su da sukari ko a saka a miya. Baƙaƙen ƙwayoyin ciki kuma kar a zubar, a shanya a soya sama-sama kamar riɗi, a niƙa a haɗa da gari.

Akwai alewar acitrón da ake yi da tsokar wani ɗan'uwansa, biznaga, a saka a burodin bikin 6 ga Janairu a Meziko. Dokar ƙasar ta hana sare biznaga don yana neman ƙarewa, yanzu da gwanda da makamantanta ake maye gurbinsa.

Sannan don Allah kar wani ya ga tinya ko ƙyarana a shingen gona ya ce ai dangi ɗaya ne. Ba kaktus ba ne su, farin ƙaron da ke fita in an yanke su guba ne, in ya shiga ido yana iya makantarwa.