Yadda Ake Kama Kifin Malin a Kona a Kuma Sake Shi da Ransa

Malin shuɗi, wanda mutanen Hawai ke kira a'u, shi ne kifin nan mai dogon baki kamar mashi. An fi nemansa a gaɓar Kona, yamma da babban tsibirin Hawai, saboda teku na yin zurfi ƙwarai 'yan kilomitoci kaɗan daga tudu, sannan duwatsun Mauna Loa da Hualalai sun tare iska, ruwa ya kwanta. Ana samunsa duk shekara, amma ya fi yawa daga Yuni zuwa Satumba. A nan ne wani mai kamun kifi, Jay de Beaubien, ya kama mai kilo 624 a 1982. Irin waɗannan ƙosassun duk mata ne, domin da wuya namiji ya wuce kilo 150. Wanda ya saki babba, uwa ya mayar cikin ruwa.

Na farko: a gama magana tun a tudu

Jiragen haya daga tashar Honokohau suke tashi. Kafin ka biya ko sisi, tambayi kyaftin kai tsaye: "In mun kama malin, saki za mu yi ko ɗauka?" Kada ka bari sai kifi ya zo gefen jirgi, lokacin kowa na cikin zafin aiki. A Hawai doka ta halatta sayar da naman malin a cikin jihar, saɓanin sauran Amurka inda dokar 2012 ta hana, kuma a al'adar wurin kifin da aka kama na jirgi ne da ma'aikatansa. Jirage da yawa suna saki, wasu kuma sukan ɗauki wanda ya ji mummunan rauni. Ka san irin wanda ka hau. Baƙon da ba mazaunin jihar ba, in ya kai shekara 15, yana buƙatar lasisin kamun kifin teku, kuma ana sayensa ta intanet. Maganin jiri tun daren jiya ake sha, ba bayan ciki ya fara juyawa ba.

Na biyu: kayan aiki da jeri

Ana amfani da zare mai jure nauyin kilo 60, a ɗaure birkin injin naɗi a kan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa, wato kilo 18 zuwa 20. Da ma'auni ake gwada birkin, ba da hannu ba. A ƙarshen zaren akwai igiyar gaba mai kauri, wadda ke jure gogayya da bakin kifin mai kaushi kamar magagari. Ƙa'idar hukumar IGFA, mai tsara dokokin wasan kamun kifi na duniya da adana kundin bajintarsa, ita ce kada ta wuce mita 9, kuma in an haɗa ta da sashen zaren da aka ninka biyu kada su wuce mita 12.

Jirgi yakan ja koton roba huɗu ko biyar a gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa: biyu kusa da kusurwoyin baya, biyu a kan dogayen sandunan da ke buɗe gefe, ɗaya can nesa a tsakiya. Koto mai kyau yakan leƙo sama ya kwashi iska, ya nutse yana jan farin kumfa a bayansa. Wanda ke tsalle yana wuntsilawa ba a daidai yake ba, a matso da shi ko a sassauta masa har ya zauna a fuskar igiyar ruwa. In da ɗanyen koto za a yi, kamar ƙaramin kifin tuna mai rai (wanda a Hawai ake kira aku), to a sa ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe. Ita takan zame ta kama kusurwar baki, ta gargajiya kuwa kifi kan haɗiye ta ta yaga masa ciki. Da mai zobe ba a fizga, a hankali ake ƙara birki har zare ya miƙe.

Na uku: kokawa a kan kujera

Da injin ya fara kuka, ka tafi kujera, ka sa gindin sanda a mazauninta, ka maƙala ɗamarar zama a kunnuwan injin. Gudun farko ba a tare shi. Kifin zai kwashe ɗaruruwan mitoci yana tsalle, ma'aikata kuma suna kwashe sauran zaruruwa. Kada ka ƙara birki a wannan lokaci, domin gwargwadon raguwar zare a kan faifai gwargwadon ƙaruwar ƙarfin birkin da kansa, kuma a nan ne zare ya fi tsinkewa.

Da ƙafa ake jan malin. Ka miƙe ƙafafu ka zauna da nauyinka, sanda ta ɗago, sai ka zamo gaba kana naɗewa da sauri. Hannun hagu yana kan injin yana baza zare dama da hagu, in ba haka ba ya taru a gefe guda ya cije. Kada ka bari zare ya yi sako-sako ko na daƙiƙa ɗaya, domin da girgiza kai ɗaya kifin zai jefar da ƙugiya. In kana son a lissafa kamun da sunanka, kada kowa ya taɓa sanda ko injin. Malin mai kilo 819 da jirgin Kyaftin Cornelius Choy ya kamo a tsibirin Oahu a 1970 bai shiga kundin IGFA ba saboda mutum fiye da ɗaya ne ya ja shi.

A wannan kokawar ne ake yanke hukuncin rai ko mutuwar kifin. Duk mintin da aka ƙara, gajiya na taruwa a tsokarsa. Kifin da aka galabaitar na awoyi yakan nutse can ƙasa ya mutu, haka ma wanda zare ya naɗe masa wutsiya aka riƙa jansa ta baya, domin malin sai yana tafiya gaba ruwa ke ratsa bakinsa ya yi numfashi. Saboda haka in kyaftin ya kora jirgi da baya yana bin kifin, ruwa na fantsamo maka, naɗe iya ƙarfinka. Neman suna da siririn zare a kan babban kifi zalunci ne ga wanda ya ce saki zai yi.

Na huɗu: saki

Igiyar gaba aikin mataimakin kyaftin ne, da safar hannu da abin yanka a jikinsa. Yakan naɗa ta a hannu yadda zai iya watsar da ita nan take, domin kifi ya sha jan mutum cikin teku. Kai ka zauna a kujera ka sassauta birki, kada ka tashi ɗaukar hoto. Ba a fitar da malin daga ruwa. Ana soka masa alamar bincike mai lamba a tsokar kafaɗa, ƙasa da ƙayar baya, nesa da ido da kai, a rubuta rana da wuri da kiyasin nauyi a kati. Ƙugiyar da ke bayyane a cire ta da ƙarfen cirewa, wadda ta yi zurfi a yanke igiya kusa da baki.

In ya fito jikinsa ya dushe ya koma ruwan tagulla, yana kifewa gefe, kada a sake shi haka. A riƙe bakin da igiya, kansa a ƙarƙashin ruwa, jirgi na tafiya kamar tafiyar ƙafa. Za ka ga ratsin shuɗi na dawowa a haƙarƙarinsa, wutsiya ta fara kaɗawa, ya miƙe da kansa. Wani minti biyar ya ishe shi, wani sai ya haura ashirin.

Zama da masu gari

Wani lokaci duk da ƙoƙari kifin ya mutu. Za a kai shi tasha, a yanka, a kyafe naman a raba wa dangi da maƙwabta. Kada ka yi wa kowa wa'azi a kan haka. Mutanen da suka gaji teku kaka da kakanni abinci suke gani, wasunsu ma wasa da kifi a sake shi ne suke ɗauka rashin ladabi. Kuma akwai tsohon ciwo: a 1893 aka hamɓarar da sarauniyar Hawai, Lili'uokalani, a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran, sai a 1993 majalisarta ta nemi gafara. Baƙon da ya zo da koyarwa a bakinsa wannan mikin yake famawa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Kada ka hau jirgi da ayaba, masunta da yawa suna camfa ta. Kada ka tambayi wanda ya ɗauko kayan kamun kifi ina za shi, shi kansa cewa zai yi zai tafi holoholo, wato yawo, don kada kifi ya ji. Inda aka rubuta kapu, ba shiga. Kunkurun teku da ke shan hantsi kusa da Honokohau a ba shi tazarar mita 3. Dattijo a kira shi anko, dattijuwa anti, kuma a tuɓe takalmi a ƙofar gida. Ba kowane mazaunin jihar ake kira ɗan Hawai ba, sunan na 'yan asalin ƙasa ne. Da an dawo tasha, a ba ma'aikata tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin haya, a hannu, ko an kama ko ba a kama ba, a ce musu mahalo, wato na gode.