Darasi na Tara: Tsayar da Ƙiftawar Alamar Rubutu a Kwamfuta

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta don yin rubutu zai ga wani ɗan layi yana bayyana yana ɓacewa kamar ƙiftawar ido. Wannan ita ce alamar rubutu, kuma aikinta shi ne ta nuna wurin da harafi na gaba zai sauka. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Kiesling ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1967, domin a allon da ya cika da haruffa ido yakan fi saurin gano abin da ke motsi.

Sai dai abin da ya taimaki wani yakan dami wani. Dattijon da ke haɗa baƙi da wasali a hankali yakan ji kamar alamar tana ce masa ya yi sauri, wasu kuma ƙiftawar tana gajiyar da idanunsu har su kasa tattara hankali. Wannan koke ne na gaskiya, kuma bai kamata malami ya ɗauke shi a matsayin raki ba.

A kwamfutocin farko maganin ya danganta da irin injin. A Commodore 64, wadda ta fito a 1982, manhajar cikin injin ce ke ƙirga lokaci tana kunna alamar tana kashewa, kuma wuri mai lamba 204 a ma'ajiyar injin shi ne makunninta. Idan mai rubuta manhaja ya sa sifiri a wurin, alamar za ta riƙa ƙiftawa, idan kuma ya sa ɗaya sai ta daina.

A kwamfutar IBM ta 1981 kuwa al'amarin ya fi wuya, kuma a nan ne ya kamata mu tsaya mu fahimta. Katin da ke aika rubutu zuwa allo yana ɗauke da wani ɗan guntun lantarki na kamfanin Motorola mai lamba 6845, wanda a ƙirarsa yana iya nuna alama tsayayya. Amma IBM ta ƙara wasu kayan lantarki a kan katin waɗanda ke tilasta ƙiftawar, ta yadda babu umarnin da zai hana ta. Mai amfani da injin yana iya sauya kaurin alamar, daga siririn layi zuwa cikakken murabba'i, yana kuma iya ɓoye ta gaba ɗaya. A BASIC, wani harshe na rubuta manhajar kwamfuta, umarnin LOCATE ,,0 yana ɓoye ta, LOCATE ,,1 kuma yana dawo da ita. Amma ɓoyewa kaɗai ba ta biya bukata ba, tunda wanda bai ga alama ba bai san inda yake rubutu ba. Saboda haka masu rubuta manhaja suka ɓullo da wata hikima: sukan ɓoye alamar injin, sannan su juya launin gurbin da ake kai, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Ta haka ake samun alama mai tsayawa cik, wadda manhaja ke matsar da ita duk lokacin da aka danna harafi.

A yau aikin ya yi sauƙi ƙwarai. A kwamfuta mai Windows, a buɗe Control Panel, a zaɓi Keyboard, sannan a nemi wurin da aka rubuta Cursor blink rate. A ja ɗan maɓallin da ke wurin zuwa ƙarshen hagu, inda aka rubuta None, a danna OK. Wasu manhajojin suna da nasu tsarin dabam, don haka kada a damu idan alamar ta ci gaba da ƙiftawa a cikinsu.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da sunan garinsu sau biyu, da farko alamar tana ƙiftawa, sannan bayan an tsayar da ita, ya kuma gaya wa malami wanne ya fi kwanta masa a ido, domin a bar masa injin a haka.